TARIHIN MAKO: Wa Ya Ƙirga Mu? Rediyo Da Mudun Awon Masu Sauraro A Mafara, Bakura Da Maradun



Kwanan nan wata magana ta yawaita a bakin 'yan boko da masu harkar talla, wai rediyo ya mutu, masu sauraro sun watse sun koma waya. Wasu har alƙaluma suke kawowa: tasha kaza ta faɗi da kashi kaza, shiri kaza babu mai jin sa. Mu da muka tashi tsakanin Talatar Mafara, Bakura da Maradun, inda har gobe za ka ga dattijo a ƙofar gida ko manomi a fadamar Bakolori da akwatinsa rataye a kafaɗa, ya kamata mu tsaya mu yi tambaya kafin mu karɓa. Wa ya yi ƙidayar? Da wane mudu? A wace kasuwa?

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Talata ya san cewa tiya ba ɗaya ba ce. Akwai wadda aka buga wa gindi ya lotsa, akwai wadda aka buɗa wa baki. Hatsin bai canza ba, amma idan aka canza ma'auni sai lissafi ya canza. Tarihin awon masu sauraron rediyo cike yake da irin wannan, shi ya sa muka ga ya dace mu bi shi daga tushe.

YADDA AKWATIN YA ISO MANA

Rediyon da ya fara shigowa Nijeriya a shekarun 1930 na waya ne. Turawa kan kamo shirin BBC a tasha ɗaya, su ja waya zuwa akwatunan da aka kafa a gidajen da suka biya kuɗin haya da kuma wasu wuraren taruwar jama'a. Kano ta samu irin wannan tasha a 1944. A wancan tsari ƙidaya ba ta da wuya, domin hukuma ta san adadin akwatunan da ta kafa. Sai dai tun daga nan matsalar ta fara: akwati ɗaya a bakin kasuwa mutum nawa ke jin sa? Littafin hukuma ya rubuta ɗaya, alhali kunnuwa hamsin ne a tsaye.

Sashen Hausa na BBC ya fara magana ranar 13 ga Maris 1957, da shirin minti 15. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Muryar Jamus ta fara Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979. Abin da ya kawo waɗannan muryoyi ƙauyukanmu shi ne ƙaramin rediyo mai batir, wanda bai buƙatar wutar lantarki ko waya. Da shi ne waƙoƙin Alhaji Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura da duniya ta sani da Maradun, da na Sa'idu Faru, suka fita daga fadojin sarakunanmu suka kai Kano, Maraɗi, Kumasi da wuraren da makaɗan ba su taɓa takawa ba. Muna ƙarƙashin Sakkwato muna kama Rima Rediyo, har zuwa 1 ga Oktoba 1996 da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara muka samu namu a Gusau.

A ɓangaren mallaka kuma, gwamnati ce kaɗai ke da iko da iska har 1992, lokacin da aka yi dokar da ta kafa hukumar NBC ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. RayPower ta fara a Legas a 1994, Freedom Radio a Kano a 2003. Daga nan ne ƙidayar masu sauraro ta zama maganar kuɗi, saboda tashar 'yan kasuwa da talla take rayuwa, mai talla kuwa yana son sanin kunnuwa nawa ya saya.

MA'AUNIN FARKO: WASIƘA

Kafin zuwan masu bincike, ma'aunin da gidajen rediyonmu suka dogara da shi shi ne jakar wasiƙu. Manyanmu sun tuna Zaɓi Sonka a Rediyon Kaduna da Amsoshin Takardunku a BBC. Sun tuna ƙungiyoyin masu sauraro da katin gaishe-gaishe, da yadda mutum zai kwana yana murna don an ambaci sunansa da na garinsu. Shirin da wasiƙunsa suka cika kwali shi ake ɗauka ya karɓu.

Amma wa ke rubuta wasiƙa? Wanda ya iya boko ko ajami, yana da kuɗin kan sarki, kuma akwai gidan waya kusa da shi. Mutum ɗaya mai naci zai iya aika goma a wata. Uwayenmu mata da ke cikin gida, waɗanda rediyo ke yi wa hira tun daga ɗora tukunyar safe har kwanciya, sunayensu kaɗan ne suka shiga jakar. Yau wasiƙa ta koma kiran waya da saƙon tes da tsokaci a Facebook, amma cutar ba ta warke ba. Ku saurari kowane shirin kiran waya na mako guda, za ku haddace sunayen masu kira, domin su ne dai su ne. Masu magana ake ji, masu shiru kuwa sun fi yawa.

YADDA TURAWA SUKA YI TA CANZA MUDU

A Amurka aka fara awon da ake kira na kimiyya. A 1930 Archibald Crossley ya fara buga wa mutane waya yana tambayar abin da suka saurara jiya. Aka ga mutane na mantuwa, sai C. E. Hooper ya zo a 1934 da tambayar abin da ake saurare a daidai lokacin da wayar ta shigo. A 1942 kamfanin Nielsen ya fara liƙa wata na'ura a jikin rediyo tana rubuta tashar da aka murɗa. Na'urar ta san rediyo na kunne, amma ba ta san ko akwai mutum a ɗakin ba. A Ingila BBC ta kafa sashen binciken masu sauraro a 1936 ƙarƙashin Robert Silvey, tun 1992 kuma akwai hukumar RAJAR da ke raba wa mutane littafin da za su riƙa cikawa na mako guda.

Akwai darasi biyu daga can da suka shafe mu kai tsaye.

Na farko na zaɓe ne, amma ma'auninsa ɗaya. A 1936 mujallar Literary Digest ta tattara amsoshi sama da miliyan 2 ta ce Alf Landon zai kayar da Shugaba Roosevelt. Roosevelt ya ci jihohi 46 cikin 48. Ɗaya daga cikin dalilan kuskuren shi ne sunayen da aka aika wa takarda an ɗebo su ne daga jerin masu waya da masu mota, wato masu hannu da shuni. Yawan waɗanda aka tambaya bai gyara komai ba tunda ba a tambayi talaka ba.

Na biyu ya fi kusa. Daga 2007 kamfanin Arbitron ya fara maye gurbin littafi da wata 'yar na'ura da ake kira PPM, wadda mutum ke yawo da ita a jiki. Tashoshi kan ɓoye wata alama a cikin sautinsu wadda kunne ba ya ji, na'urar ita ke ji ta rubuta. Da sakamako ya fito, sai ga tashoshin baƙar fata da na masu jin Sifaniyanci sun faɗi warwas a birane irin su New York, kuɗin tallarsu ya bi baya. Masu tashoshin suka ce jama'arsu na nan, ba a dai raba musu na'urar yadda ya kamata ba, musamman matasa da gidajen da wayar hannu kaɗai suke da ita. A Oktoba 2008 babban lauyan jihar New York, Andrew Cuomo, ya kai kamfanin kotu, a Janairu 2009 aka sasanta bisa sharaɗin a gyara yadda ake zaɓen mutanen. Tun kafin haka ma, a 1963, wani kwamitin majalisar dokokin Amurka ƙarƙashin Oren Harris ya bankaɗo cewa wasu ma'aikatan bincike na cike takardun da kansu ba tare da sun tambayi kowa ba.

To, idan ƙasar da ke da adireshin kowane gida ta sha wannan dambarwa, ina ga mu?

LISSAFIN DA YA SHAFE MU

A Nijeriya masu talla sun daɗe suna dogara da binciken AMPS da littattafan da ake raba wa mutane, daga baya kamfanoni irin su GeoPoll suka shigo da tambaya ta saƙon tes. Gwamnati da kanta ta amsa cewa akwai giɓi, domin a 2020 ministan yaɗa labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya kafa kwamiti na musamman kan samar da tsarin awon masu kallo da sauraro. Galibin irin wannan aiki manyan birane yake bi, inda kasuwar talla take.

Bari mu yi lissafi mai sauƙi. Ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi a ƙasar nan, ta ba Nijeriya mutum miliyan 140 da ɗoriya, Zamfara kusan miliyan 3.3, ƙananan hukumominmu uku kuma a haɗe sama da dubu 600. Binciken Afrobarometer, wanda ake girmamawa saboda gida-gida ake bi ido da ido, ya tambayi mutum 1,600 a faɗin Nijeriya a zagayensa na 2022. Idan aka raba 1,600 bisa yawan jama'a, Zamfara gaba ɗaya ba za ta kai mutum 40 ba, Mafara da Bakura da Maradun kuma kusan mutum 7. Wannan ba laifin binciken ba ne, domin don ƙasa baki ɗaya aka tsara shi, kuma a wannan matakin yana nuna cewa rediyo na sahun gaba cikin hanyoyin samun labarai. Laifin yana wurin wanda zai ɗauki alƙaluman ƙasa ko na birni ya yanke hukunci da su a kan Gora ko Faru ko Jangebe.

Masana lissafi sun ce idan mutum 100 kawai aka tambaya, sakamakon na iya kaucewa da kusan kashi 10 sama ko ƙasa. A misali, idan aka ce tasha ta sauko daga kashi 30 zuwa 24 a irin wannan bincike, mai yiwuwa ne babu mutum ɗaya da ya daina jin ta. Amma da wannan ratar ake iya janye talla ko a soke shiri.

Sai kuma yadda tambayar ke zuwa. Saƙon tes yana buƙatar waya, caji, sabis da iya karatu. A gidaje da yawa namu wayar tana aljihun maigida, rediyon kuma yana tsakar gida wurin mata da yara. Wa zai amsa, wa aka bari? Kalmar "sauraro" ma ba ɗaya ba ce. Wasu ma'aunai na ƙirga duk wanda ya ji tasha na 'yan mintoci sau ɗaya a mako, wasu na auna yawan sa'o'i. Wanda ya ji labaran safe a teburin mai shayi, daga rediyon da ba nasa ba, zai iya cewa shi ba ya sauraron rediyo. Matashin da ya sa abin kunne ya kamo FM a ƙaramar wayarsa, ko aka turo masa guntun shiri ta WhatsApp, zai ce waya yake ji. Muryar gidan rediyo ce ta isa gare shi, amma a takarda an rubuta ta a gidan waya.

Kada mu manta da tsaro. Mai bincike ɗan Adam ne, yana da iyali. Inda hanya ba ta biyuwa, abin da aka saba yi shi ne a musanya garin da wani mai sauƙin zuwa. Ma'ana ƙauyukan da suka fi dogara da rediyo su ne suka fi saurin faɗuwa daga jerin.

SHEKARAR 2021 TA BA MU AMSA

Babu wanda ya manta da 2021. Ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talatar Mafara. Da farko an ce 317 ne, da aka sako su ranar 2 ga Maris aka ce 279. Ko a ƙidayar 'ya'yanmu da ke cikin rajistar makaranta sai da alƙalami ya yi tuntuɓe. A watan Agusta aka afka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai 73 a makarantar Kaya da ke Maradun. Ranar 3 ga Satumba hukumar NCC ta umurci kamfanonin sadarwa su rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya. An ce mako biyu, amma Gusau ba ta samu sabis ba sai farkon Oktoba, sauran wurare kuma sai ƙarshen Nuwamba. Kasuwannin mako ma an rufe su.

Kusan wata uku babu kira, babu tes, babu Facebook, babu WhatsApp. Masu hali suka riƙa tafiya Funtuwa ko Sakkwato don su buga waya. Sauranmu me muka koma wa? Akwatunan da aka jefa ƙarƙashin gado aka zaro, aka karkaɗe ƙura, aka nemi batir. Ta nan muka riƙa jin abin da gwamnati ta hana da abin da ta sassauta, da abin da duniya ke faɗa a kanmu.

Ku duba abin mamaki. A daidai watannin da muka fi manne wa rediyo, duk wani ma'auni da ya dogara da waya ko intanet zai nuna babu kowa a Zamfara. Babu mai kira a shirin kiran waya, babu mai amsa tes, babu mai tsokaci. Wanda ke zaune a ofis a Legas ko Landan yana duban allon kwamfuta zai ga wuri ya yi tsit, alhali kowace majalisa a cike take da kunnuwa.

AMMA MU FAƊI GASKIYA

Ba za mu yaudari kanmu ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ƙannenmu da 'ya'yanmu da yawa sun fi ba TikTok da kati mai cike da waƙoƙi da wa'azi lokaci fiye da rediyo, kuma al'adar zama a jira ƙarfe kaza don jin labarai ta yi rauni a cikin gari. Tashoshinmu ma suna da nasu kason. Tsadar man janareta, musamman bayan cire tallafin fetur a Mayu 2023 da faɗuwar naira, ta sa riƙe tasha a iska ya yi nauyi, kuma mai sauraron da ya murɗa sau uku ya ji shuuu ba ya komawa na huɗu. Inda aka mayar da shiri kirarin mai mulki ko filin wanda ya biya, jama'a na gane wa. Haka nan tashar da ke tashi kullum tana cewa miliyoyi ke jin ta, ita ma da mudunta take awo. Yawan mutanen da ke zaune inda muryarka ke kaiwa daban, yawan waɗanda suka kunna daban. Don haka shakkar da muke yi wa mai cewa an faɗi, ita za mu yi wa mai cewa an hau.

ME ZA MU RASA?

Alƙaluman nan ba ado ba ne, da su ake yanke hukunci. BBC ta rufe rediyon sashen Larabci a Janairu 2023, bayan shekara 85, a wani shirin tsimi da komawa intanet. Muryar Jamus ta rufe tasharta ta gajeren zango da ke Kigali a 2015. A Maris 2025 umarnin Shugaba Trump ya sa Muryar Amurka ta yi shiru, har da sashen Hausa, ko da yake wannan siyasa ce ta jawo shi. Duk ranar da aka zauna rage kasafi, tambayar farko ita ce mutum nawa ke ji. Idan ba mu cikin lissafin, shirinmu ne mai sauƙin yankewa. Haka yake ga saƙon rigakafi, hasashen damina, farashin taki da gargaɗin hanya. Idan mai shirya saƙon ya gamsu cewa kowa na intanet, can zai kai kuɗinsa, tsohuwa a ƙauyen Maradun kuma ba za ta ji ba.

'Yan siyasa dai ba su yarda rediyo ya mutu ba. Ƙananan hukumomin nan uku kowace ta ba Zamfara gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Duk mun ga yadda kowane ɓangare ke rububin filin rediyo idan zaɓe ya matso. A Oktoba 2022 gwamnatin jiha ta ba da umarnin rufe wasu kafafe, ciki har da Pride FM da NTA Gusau, kan ɗauko taron 'yan adawa, hukumar NBC ta ce matakin ya saɓa doka, daga baya aka janye. Ba a aika jami'an tsaro su rufe gidan da babu mai jin sa.

KAFIN MU KARƁI KOWACE ƘIDAYA

Shawararmu ita ce, duk wanda ya kawo mana alƙaluma, na faɗuwa ne ko na hauhawa, mu tambaye shi abu biyar. Mutum nawa aka tambaya? A waɗanne garuruwa? Ta waya ko ido da ido, kuma da wane harshe? Mata nawa ne a ciki? Wa ya biya kuɗin aikin? Mai gaskiya ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba.

Sannan kada mu zauna jiran Legas. Muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau a Talatar Mafara, ga Jami'ar Tarayya a Gusau, ga ɗalibai da ke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai kowace shekara. Malamansu za su iya haɗa su su bi unguwa-unguwa da ƙauyukan da ake iya shiga, ɗalibai mata su shiga cikin gidaje, a yi tambaya iri ɗaya a maimaita ta kowace shekara, a kuma bayyana wuraren da ba a samu zuwa ba. Bayan shekara uku ko huɗu za mu san da gaske ko sauraro na raguwa, a wurin wa, kuma a wane lokaci na yini. Tashoshinmu za su samu abin nuna wa masu talla, mu kuma mu samu abin riƙe su da shi.

Kafin nan, kowa ya fara daga gidansu. A daren yau ku tambayi mahaifiya ko kaka inda ta ji labarin ƙarshe da ta ba ku, ku tambayi ƙaramin ƙaninku shi ma, ku zo mana da amsoshin biyu tare da sunan garinku.

Allah Ya zaunar mana da Zamfara lafiya. Sai mako mai zuwa.